Ki Faɗi Abin da Ya Kawo Ki Kafin a Kira Salla

Shisha, Makka
Cikin watan Shawwal

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka Kano lafiya, gajiyar jirgi ta sake ki, kin kuma tarar da kawunki da iyalinsa ƙalau. Allah Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya haɗa ki da mutanen kirki a jami'a da wajenta. Na cusa ta ne tsakanin baƙar abayarki da tawul, don na san halinki, ba za ki kwashe kayan akwatin nan ba sai kin kwana biyu. Da Hausa na rubuta, ko da yake na san Larabci ya fi miki saurin karantuwa. Larabcina na ciniki ne da gaishe da maƙwabta, ba zai ɗauki abin da nake son faɗa ba. Ki bi ta a hankali, kamar yadda na bi Turancinki.

Ranar da kike ninke kaya kin faɗi wata magana. Kin ce, “Umma, wallahi in malamin nan ya sake dawo mini da babi na ɗaya, halas, shi ke nan, na haƙura da digirin digirgir ɗin. In dawo in nemi koyarwa a makarantar yara.” Ni kuma na ce Allah Ya zaɓa abin da ya fi alheri, na tashi na shiga kicin kamar ina da abu a wuta. Ba ni da komai a wuta. Tun ranar nake juya maganar. Na rubuta amsa a littafin da nake rubuta al'amuran yini, na soke, na sake rubutawa. Wannan ce ta tsira, kuma ban tabbata ita ce daidai ba.

Na karanta babin. Kin bar shi a kan keken ɗinki tun farkon azumi, ban sani ba ko mantuwa ce ko da gangan. Kullum bayan la'asar nakan ɗauki shafi ɗaya ko biyu, ga tsohon ƙamus ɗina na sakandare a gefe. Wallahi na ji daɗinsa. Ban taɓa sanin kakanninmu sukan yi shekaru a hanya suna noma a Sudan kafin su ƙetaro teku ba sai a rubutunki. Na karanta yadda jirgin sama ya canza tafiyar, da yadda kasuwa ke bin mahajjata duk inda suka sauka, da abin da masana suka ce game da ƙananan sana'o'i. Wasu wuraren ban gane ba ko da ƙamus, musamman inda kike jero sunayen Turawa da shekaru. Amma akwai abu ɗaya da na gane sarai, shi ne jan biron malaminki a gefen shafi. Magana ɗaya yake ta maimaitawa: to, mece ce matsalar? Ina tambayar taki? Da farko haushinsa na ji. Na ce wane irin mutum ne za a shimfiɗa masa wannan ilimi ya ce bai ga komai ba. Sai da na kai shafin ƙarshe, na rufe, na tambayi kaina me yarinyar nan take nema, na ga ni ma ban sani ba.

Tsarin babin nan ya daɗe yana ba ni mamaki, har na so in tambaye ki wa ya fara ƙirƙiro shi. Yadda na fahimta, ana farawa da shimfiɗa, sannan a faɗi matsala, a faɗi manufa da tambayoyin da za a bi, a shata iyakar da bincike ba zai wuce ba, a kuma faɗi wanda zai amfana. In na yi kuskure ki gyara mini. Ni dai da na dube shi sai na ga kamar zuwa gidan mutum neman alfarma: ka yi sallama, a gaisa, sannan ka faɗi abin da ya kawo ka. Nan ne kuma na taɓa faɗuwa, faɗuwar da ban manta ba.

Lokacin muna unguwar Jarwal, kafin rusau ya koro mu nan Shisha, kina aji biyu ko uku na sakandare. Na ɗinka hijabai da 'yan riguna na yara, ina son inda zan ajiye su mahajjata su gani. Kin san ba ni da ikon buɗe shago da sunana, igamarmu, wato takardar izinin zama, a ƙarƙashin ta Abbanku take. Hajiya Talatu, maƙwabciyarmu 'yar Damagaram, wadda har yau ba ta bar zuwa gidan nan ba, ita ta ce mini akwai wani dattijo Balarabe Bahadarme a Aziziyya, Ammi Salihu, yana da kanta guda a shagonsa da ba kowa a kai, yana ba mata su ajiye kaya ya sayar musu. Ta ce in yi sauri don aikin Hajji ya ƙarato.

Na shirya kamar mai zuwa jarrabawa. Na goge kayan, na jera su a jaka, na tsara abin da zan faɗa tun a taksi. Na isa da hantsi ya ɗaga sosai. Na yi sallama, ya amsa, ya nuna mini kujera. Na tambayi lafiyarsa. Na tambayi iyali. Na tambayi kasuwa. Na yi masa jajen zafi. Na ce na ji ƙafarsa na damunsa, Allah Ya sawwaƙe. Ya ce amin, ya sa aka kawo mini shayi. Masu saye suna shigowa, in yi shiru har su fita, in sun fita kuma in ga ai bai dace in faɗa kan magana kai tsaye ba, sai in sake ɗauko wata gaisuwar. Na ba shi labarin yadda muka zo ƙasar nan Abbanku yana ɗalibi. Na yaba tsarin shagon. Jakar nan tana tsakanin ƙafafuna, ban ko zuge ta ba. Can ya dube ni ta saman tabarau ya ce, “Ya Hajja, esh tibgi?” Wato me kike so? Da wannan tambayar ya ma buɗe mini ƙofa da hannunsa. Ni kuwa kunya ta kama ni, na ce, “A'a, alheri ne, dama wucewa na zo yi.” Ina cikin laluben yadda zan juyo da maganar aka kira azahar. Ya miƙe yana cewa, “Salla, salla,” ya jawo ƙofar ƙarfen nan ƙasa. Na tsaya a bakin titi da jakata. Na ce in jira a idar, sai na tuna shagon ba ya buɗewa sai bayan la'asar, ƙannenki kuma sun kusa tashi daga makaranta.

Da na dawo Hajiya Talatu ta leƙo ta ce, “To, ya ba ki?”

Na ce, “Ban kai ga tambaya ba.”

Ta riƙe haɓa. “Tun hantsi? Me kuka yi, tafsiri?”

Na ce, “Gaisawa muka yi.”

Ta ce, “Ke Binta, Balarabe kika je gaisarwa ko surukinki? To ki jiƙa gaisuwar ki sha.”

Na ɗauki kwanaki ina tara ƙarfin komawa. Da na koma, kayan wata mata ne a kan kantar. Ammi Salihu ya yi mamaki ƙwarai da ya ji abin da ya kawo ni tun farko. Ya ce ai ranar ya zaci rigima ce tsakanina da maigidana nake neman mai shiga tsakani.

Na daɗe ina tunanin me ya hana ni magana ranar. Na ce kunya ce, kuma ita ce, amma akwai wani abu a ƙarƙashinta. Muddin ina gaisuwa, ba wanda zai iya ce mini a'a. Ba a ƙin amsa gaisuwa. Da zarar na ce ga abin da nake so, na ba shi damar hana ni. Ina jin tarihin Hajjin nan da kika shimfiɗa haka yake. Ba malamin da zai ce ƙarya ne, ba wanda zai yi jayayya da ke a kai. Amma ba a ba da digiri a kan abin da ba mai jayayya. Ban ce ki shiga ba sallama ba, mu ba a yi mana wannan tarbiyya ba, kuma mai karatu yana buƙatar sanin inda yake tsaye. Ki gaisa gwargwadon shan shayi kofi ɗaya, sannan ki zuge jakar. Ni a ganina kada mutum ya juya shafi na biyu bai san abin da ya kawo ki ba. Ko akwai wata ƙa'ida da ta hana hakan, wannan ku kuka sani.

Shekarar da ta biyo na koma, na yi sallama, na faɗi buƙatata tun kafin in zauna. Ya yi dariya ya ce tafaddali, wato bismillah. Sai na faɗa kuskure na biyu, wanda ya fi na farko ciwo don na sha wahala a kansa. Na ce tunda na samu wuri, zan nuna gwaninta. Na zaɓi yadi mai kyau, na ɗinka hijabai kowanne da irinsa: wannan da leshi a baki, wancan da surfani, wani ruwan toka, wani ruwan hanta, ba biyu da suka yi kama. A raina na yanke cewa matsalar kayan tsaraba ita ce duk iri ɗaya ne, marasa fasali, kuma ni ce zan magance ta. Ban tambayi kowa ba. Mahajjata suka sauko daga Mina, Aziziyya ta cika maƙil, shagon Ammi Salihu ba wurin sa ƙafa. Ana ɗaga hijabaina, ana yabawa, ana ajiyewa. A gefensu akwai wasu tulin hijabai farare na kamfani, marasa ado, su ake ta kwasa.

Wata rana ina tsaye a wurin, wata hajiya daga Funtuwa ta ɗaga mai leshin ta ce, “Kai, wannan hannu ya iya.” Na yi ƙarfin hali na ce ni na ɗinka. Ta ce, “Kina da irinsa da yawa? Sak irinsa nake so.”

Na ce, “Ai kowanne da irinsa, Hajiya. Kyansu ke nan.”

Ta dube ni kamar na yi saɓo. Ta ce, “Baiwar Allah, ke ba 'yar gida ba ce? Ina da goggonni, ina da ƙannen miji, ina da matan unguwa da suka yi mini rakiya har filin jirgi. In ba wannan mai leshi in ba waccan marar leshi? Daga Makka in sayo gaba in kai gida? Wadda na ba ruwan toka ta ce don na raina ta ne? A'a. Ba ni fararen nan, kowa ya samu daidai da na kowa, in kwana lafiya.”

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne na san wannan. A Kano aka haife ni, na ga yadda ake zuba tsaraba a tabarma ana kasawa, ana auna dabino da gwangwani don kada wani gida ya fi wani. Na sani, amma da na zauna a gaban keke sai na ɗinka abin da ni nake sha'awa, na ce shi ne buƙatar mutane.

Abin da ya tuno mini da wannan shi ne wani layi a shafi na tara ko na goma, inda kika rubuta cewa babbar matsalar mata masu sayar da tsaraba ita ce rashin jari. Na tsaya a kansa na daɗe. Mai yiwuwa gaskiya ne. Amma wa ya gaya miki? Su matan, ko wani littafi da aka rubuta kan matan wata ƙasa? Ba ƙure nake miki ba, da gaske nake tambaya, don na san mata a Jarwal da suka sami jari mai kauri kuma ba su kai ko'ina ba, na san wasu da ba su da komai sai tire, suna nan har yau. In kin riga kin yanke amsa a babi na ɗaya, me sauran babukan za su yi? Ki bar shi a matsayin tambaya, ki je ki zauna da su, ki yi shiru su yi magana. Matambayi ba ya ɓata.

Sai maganar iyaka. Kin yi alkawari a babin cewa za ki duba Makka da Madina da Jidda, maza da mata, masu abinci da masu ɗinki da masu ɗaure kayan mahajjata. Da na karanta sai na yi dariya ni kaɗai, don na tuna shekarar da na haɗa ɗinki da tuwon sayarwa da ƙunshi a ɗaki biyun nan namu na Jarwal. Kina tunawa? Ke kike kai kwanuka ƙasa. Hijaban suna rataye a falo, miyar kuka tana tafasa a kicin. Aka kai kaya shago, wata mata ta shinshina ta ce, “Tsarabar Makka da warin daddawa? Wa zai yarda ba a Kurmi na saya ba?” Tuwon ma bai yi kyau ba, don hankalina yana kan keke. Ƙarshenta na kwanta ciwo ana tsakiyar kasuwa. Taura biyu ba ta taunuwa, balle uku. Ki ɗauki gari ɗaya, mata kawai, sana'a ɗaya. Sauran ki rubuta a fili cewa kin bar su, ba laifi ba ne. Abin da ya burge ni a tsarin nan naku ke nan, da aka ware wurin da mutum zai ce ga abin da ba zan yi ba. Da na san ana haka tun ina yarinya, da na huta da abubuwa da yawa.

Kuma ki tuna da yawa daga matan nan ba su da igama. Duk abin da za ki rubuta, kada ki sa sunan kowa, kada ki kwatanta lungu ko gini yadda za a gane. Ki gaya musu tun farko me za ki yi da maganarsu. Wadda ta ce a'a ki gode mata ki tashi. Na san an koya muku wannan, amma takarda tana tafiya inda mai ita bai je ba.

Yanzu ga abin da ya sa na ce kada ki bari. Tambayar da malaminki yake nema kina da ita. Da kunnena na ji ta. Ranar Salla, da Hajiya Talatu ta zo yawon barka, kina zuba mata gahawa, ta ce, “Wai ke karatun nan naki da ba ya ƙarewa, me kike nema ne? Sa'o'inki suna goye da na uku.”

Kika yi dariya kika ce, “Hajiya, abu ɗaya nake son sani. Masu sayen tsaraba ba sa yankewa, kowace shekara ƙaruwa suke. Matan nan kuma sun iya sana'arsu. To me ya sa kowace shekara daga tushe suke farawa? Me ya sa ba wadda sana'arta ke girma ta zama abin da za ta bar wa 'ya'yanta?”

Hajiya Talatu ta ajiye kofin ta ce, “Af. In kin gano ki fara gaya mini kafin ki gaya wa Turawa.”

Sai kika juyo kika haɗa ido da ni, kika sunkuyar da kai, kika ce bari ki ɗauko dabino. Washegari na sake bin babin daga farko har ƙarshe ina neman wannan magana. Ba ta ciki. Kin faɗe ta a numfashi ɗaya ga matar da ba ta taɓa shiga aji ba, ta kuma gane nan take, amma kin kasa rubuta ta ga malamin da aikinsa ke nan. Na yi ta tunani, kuma ina jin na san dalili, ko da yake sau da yawa nakan ce na sani in tarar ba haka ba. Tambayar nan a cikin gidan nan kika samo ta. Kin tashi kina ganin mahaifiyarki tana sayo yadi kowane Rajab kamar yau ta fara, tana neman kanta a shagon wani, bayan Hajji ta tattara ragowar ta tura ƙarƙashin gado. Kina ganin in kin rubuta tambayar ƙarara, kamar kin tsaya gaban malamai kin ce uwata ta gaza. Shi ya sa kika tafi Sudan da ayarin raƙuma, don kada ki shigo falonmu.

To ki ji. Na yafe miki wannan kunyar, na ɗauke miki ita. In tsarinku ya yarda a buɗe da labarin mutum, ki buɗe da nawa, da kantar Ammi Salihu da hijabai masu warin daddawa, ki canza sunaye kawai. In bai yarda ba, ki rubuta tambayar tsirararta yadda kika faɗa wa Hajiya Talatu, ki sa ta a shafin farko. Ba tona mini asiri kika yi ba. Abin da kowa a Jarwal ya gani da idonsa ba asiri ba ne.

Kuma ba don ke kaɗai nake faɗa ba. Ni ma ina son amsar. Na shekara da shekaru ina tambayar kaina. Wani lokaci in ce don kasuwar ta 'yan makonni ce, sauran shekara a cinye abin da aka samu. Wani lokaci in ce don komai da sunan wani yake, ba ka gina ɗaki a filin aro. Da aka yi rusau na ce ai don masu sayenmu sun dawo ba su tarar da mu inda suka bar mu ba. Yanzu da 'yan mata ke tallata kaya a waya tun mahajjata ba su baro gida ba, na zuba ido in ga ko su za su tsallake, ban gani ba tukuna. Wani lokacin kuma, in na kasa samun wanda zan ɗora wa, sai in ce ni ce dai ban iya ba. Wannan ta ƙarshen ita ta fi zama mini a rai. In bincikenki ya nuna haka ne, ki gaya mini, zan iya ɗauka. In ya nuna wani abu ne da ya fi ƙarfin mace ɗaya da kekenta, ina son in ji kafin in mutu. Ni ban san yadda ake gano irin wannan ba. Ke an koya miki. In kika bari, wa zan tambaya?

Saura abu ɗaya, kuma ga shi na kai shafi na nawa ina zagaye shi, ni mai yi wa wasu faɗan doguwar gaisuwa.

Ke ce 'yar fari. Yadda aka tashe ni, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa a gaban mutane, ba ta jawo shi jiki. Haka Inna ta yi wa yayana, kawunki da kike gidansa yanzu, kuma bai taɓa shakkar tana sonsa ba, don duk unguwar haka ake yi. Ni kuma na ɗauko wannan na kawo garin da uwa ke tsayawa a ƙofar makaranta tana ƙwala wa 'yarta kira da suna, tana ya habibti, ya galbi, tana sumbatarta a gaban kowa. Ban yi lissafin cewa ke abin da kike gani ke nan kullum ba. Kina firamare kika dawo wata rana kika ce, “Umma, lesh, me ya sa ba kya kiran sunana? Ba ki son sunan ne?” Na ce ki je ki cire kayan makaranta. Na rubuta a littafina a ranar cewa zan yi miki bayani in kin girma. Kika girma, na ce ai yanzu ta gane da kanta. Da kika gama digiri na farko, maƙwabta suka cika gidan nan da guɗa, ni ina kicin ina soya sambusa. Da aka ɗauke ki wannan karatun, abin da na ce shi ne to, Allah Ya taimaka. Ban ce al'adar banza ce ba, akwai ladabi a cikinta, kuma har gobe bakina ba zai saba ba. Amma na zauna da ke shekara ashirin da wani abu da jaka tsakanin ƙafafuna ban zuge ba, ina tambayar ko kin ci abinci, ko kin yi salla, ko kin ɗauki rigar sanyi. Jibi jirginku zai tashi. An kusa jawo ƙofa.

Saboda haka ga abin da ya kawo ni.

Sa'adatu, ina alfahari da ke. Tun kina ƙarama nake yi. Kada ki bar karatun nan. In ya dawo miki da babin, ki gyara ki mayar, in ya sake dawowa ki sake mayarwa. Ki rubuta tambayarki a shafin farko, ki je ki nemo mana amsa, ni da ke da Hajiya Talatu.

Hijaban da ke ƙasan akwati na matan gidan kawunki ne da maƙwabtansu. Duk farare ne, iri ɗaya sak, ki raba ba fargaba. Ki gaishe da kawunki, ki ce ina nan ina yi masa addu'a a Harami. Ki riƙe salla a kan lokaci, ki riƙe azkar na safe da yamma, kada ki yi wasa da gidan sauro, jikinki bai san zazzaɓin can ba. Ki girmama malaminki, jan bironsa ba ƙiyayya ba ce. Abbanku da ƙannenki suna gaishe ki, ba su san na rubuta wannan ba.

Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya buɗe miki ƙirji, Ya warware miki harshe da alƙalami. Allah Ya raba ki da sharrin hanya da na mutane, Ya dawo mana da ke lafiya, ki tarar da mu lafiya. Na ba Allah ajiyarki, Shi da ajiya ba ta ɓata a wurinSa.

Na koma sama na dubi sunan nan inda na rubuta shi. Na ɗauki biro zan soke, kamar yadda na saba. Na bar shi.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Binta